Gidan Nawa Ne, Ƙyauren Na Gari

Na san halinku sarai, kafin in kai rabin labarin nan wani zai taɓe baki ya ce ai ɗan gwanjo ne, ƙarya ita ce jarinsu. To ban musa ba. Ni ne nan na taɓa sayar wa wani bawan Allah takalmi a kasuwar Makoda, ƙafar hagu ta fi ta dama girma, na ce masa haka kamfani yake yi da gangan saboda ƙafar hagu ta fi kumbura da rana, ya biya har yana sa min albarka. Amma wannan da zan ba ku, wallahi tallahi in na ƙara masa gishiri ko ƙwaya ɗaya kada Allah ya ba ni cinikin gobe. Mai iya yarda ya biyo ni, wanda ba zai iya ba shi ma ya biyo ni, ƙauyen yana nan, ƙyauren yana nan, kuɗin mota ne kawai tsakaninku da shi.

Shekarun baya ne, lokacin ina zaman haya a wani lungu cikin Kano, ciki da falo, ni da matata Sa'a da 'yarmu Ummi da ƙaninta na goye. Gidan nan kuwa in ka ga layin banɗaki da safe sai ka rantse gidan mai ne ranar da ake wahalar fetur. Sana'ata in ɗauko dilar takalma a birni, in ɗaure a bayan babur, in bi kasuwannin ƙauye, yau Zakirai, jibi Makoda, wani lokaci har Tsanyawa. Mai gidan namu kuma Allah ya yi masa son fenti, kuma duk shekarar da ka ga an shafa wa ƙofar waje sabon fenti to ka fara addu'a, ƙarin haya ne yake tafe. Muna ta haƙuri muna haƙuri, ranar nan ya aiko wai ɗansa zai yi aure, mu nemi wuri. Wannan shi ne tashi na ban san ko na nawa ba tun aurenmu, har gadon Sa'a ya saba, da ya ga an kawo kurar ɗaukar kaya sai ya fara kwance kansa.

Na ce a'a, wannan karon sai dai in mallaki nawa ko da akurkin kaji ne. Kai jama'a! Ashe ban san garin da nake ba. Dillalai suka yi ta yawo da ni a bayan gari, wannan ya nuna min rabin fuloti a wurin da kwaɗi ne masu unguwa, wancan ya nuna min wani a ƙarƙashin manyan wayoyin wuta har kana jin suna kuka a kanka, kuma kowanne in aka faɗi kuɗinsa sai na nemi wurin zama. In ma ka sayi filin, buhun siminti ya koma kamar sadaki, rodi kuwa sai dai ka gaishe shi daga nesa. Na lissafa na ga in dai a Kano ne, sai jikan Ummi ne zai sa rufi.

Ina cikin wannan hali, ranar kasuwar Zakirai, wani dillali da muke shan shayi tare, Ɗan'azumi, ya ja ni gefe ya ce akwai gida a wani ƙauye gabas da nan, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba don ina da maƙwabta. Ya ce mai gidan ya rasu, magada duk suna birni, kowa so yake a raba a ba shi nasa. Muka hau babur muka je. Gida ne na ƙasa amma tsayayye, da zaurensa, da ɗaki uku, da rumbu, da rijiya a tsakar gida, ga darbejiya mai inuwa. Kun san yankin nan yadda gonaki suka matse gari, in ka tofa yawu ta kan katanga a gonar wani zai sauka, mutum ya gwammace ya sayar da saniyarsa da ya rabu da taku ɗaya na ƙasa. To a irin wannan wuri a ce ga gida sukutum, kuma duk garin ba wanda ya taya, ai ya kamata ƙwaƙwalwata ta buga. Ni da nake gaya wa mutane kullum cewa kowane gwanjo akwai dalilin da ya sa mai shi ya rabu da shi. Amma da Ɗan'azumi ya faɗi kuɗin, kuɗin da a Kano ko shagon mai caji ba zai saya maka ba, sai ƙwaƙwalwar ta ce min ita ta tafi hutu.

Duk da arahar sai da muka yi tsirara kafin mu haɗa. Sa'a ta kwashi adashinta, ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnen aurenta, ni kuma na sayar da babur, wato na sayar da ƙafafuna, na koma bin motar kasuwa da buhu a ka. Ta yi min lissafin abin da za mu tarar a ƙauyen: babu wuta, babu famfo, makarantar Ummi sai an ratsa gonaki, waya ba ta kamawa sai ka hau gindin rumbu ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa, ga Innarta a birni da ba za ta riƙa gani ba sai da dalili. Na ce Sa'a, duk na ji, amma ba mai sake aiko mana cewa ɗansa zai yi aure. Ta ce to Allah ya sa alheri.

Ranar ciniki a zauren mai gari, an tara shaidu, an gama komai ana shirin shafa fatiha, sai babban magajin ya ce, da sauri kamar mai tsoron kada a ji, wai abu ɗaya ne, ƙyauren ɗakin tsakiya in an zo aro a bayar. Na ce don wannan? Ai ko turmi da taɓarya aka zo aro zan bayar. Na ga dattawan sun kalli juna, na ɗauka burge su na yi.

Ɗakin tsakiya shi ne mafi kyau, shi muka mayar na kwana. Ƙyaurensa irin na da ne, katakon maɗaci mai kauri, ya yi baƙi ya yi santsi, ba ƙusa ba ƙarfe, ƙafarsa ce ake zurawa a wani rami a dokin ƙofa, kansa kuma a wani gurbi a sama, in ka ɗaga shi sai ya fito. Nauyinsa kuwa sai ƙarti biyu sun yi nishi. Har na ce wa Sa'a wannan in na kai shi birni wajen masu sayen kayan da, ya isa ya dawo min da babur.

Ba mu daɗe da tarewa ba, wata safiya na ji sallama. Na fito na ga wani dogon tsoho siriri mai farin gemu, da samari biyu a bayansa. Shi ne Baba Goni, kakanninsa daga Barno suka zo tun zamanin da, a nan aka haifi ubansa ma, amma duk da haka in ya yi magana kana jin ɗan sauran harshen. Muka gaisa, ya ce mun zo aron ƙyaure. Na ce Baba biki ake, za a yanka nama a kai? Bai yi dariya ba, ya ce rasuwa aka yi, a kansa muke wanka.

Wallahi sai da na dafa bango. Ashe al'adar garin ke nan tun kakanni, in an yi mutuwa sai a haƙa ɗan rami a ɗaki, a ciro ƙyaure a ɗora a kai, a kwantar da mamaci a yi masa wanka, ruwan ya gangara ramin a mayar da ƙasa. A da kowane gida da ƙyaurensa ake yi. To zamani ya zo, kowa ya koma ƙofar ƙarfe da ake kafewa da siminti, marasa ƙarfi kuma ta kwano wadda ko ɗan akuya aka ɗora mata sai ta lanƙwashe, aka wayi gari duk garin ƙyauren katako ɗaya ya rage, kuma shi ne wanda nake rufe kaina da iyalina da shi. Baba Goni kuwa shi ne mai wankan maza, matan kuma akwai wata tsohuwa, amma ko na mata ne shi yake zuwa ɗauka.

Suka ɗaga suka tafi da shi, muka rataya zani a ƙofa. Da yamma aka dawo da shi an wanke an shanya, yana ƙanshin ganyen magarya da turare, suka mayar da shi gurbinsa, suka yi godiya kamar sun ari tsani. Sa'a ta yi kuka ranar, ta ce ka sayar min da keke ka sayo min makara. Kwana da kwanaki da gefen zani take tura shi. Amma kun san mata, su ne da fara tsorata su ne da riga sabawa. Matan garin suka ɗauke ta kamar 'yar gida, wannan ta aiko da kuka, waccan da daddawa, ana ce mata matar gidan ƙyaure, kafin wani lokaci sai ga Sa'a tana shanya wankin yara a kansa. Ni ne dai, ɗan birni mai baki, kullum in zan shiga ɗaki sai na karkace kamar mai wuce kare.

To duk wannan mai sauƙi ne, a hankali ake zuwa wurin.

Wata rana na dawo daga sallar azahar na tarar da ƙyauren a kwance a tsakar gida, a miƙe sambal, kansa gabas. Na hau faɗa, na ce Sa'a wa kika bari ya shigo min gida ya cire ƙofa? Sai ga ta ta shigo bayana da mayafi da goyo, ashe tun hantsi tana gidan suna. Muna tsaye muna kallon juna sai sallamar Baba Goni a zaure. Wani manomi ne ya faɗi a gona ya rasu. Na ce a raina wataƙila samarin ne suka riga shi zuwa suka sauke, na bar maganar.

Na biyun kuwa ina gidan, ba wanda ya ba ni labari. Ina zaune a gindin darbejiya da rana tsaka ina dama fura, ƙyauren yana bayana a rufe, na ji shi da kunnena lokacin da Sa'a ta ja shi ta tafi ɗebo wuta maƙwabta. Kajinmu suna ta tono a gabana, sai na ga sun tsaya cak, duk sun ɗaga kai suna kallon bayana, sannan suka bi jikin katanga suka zagaye suka fice ɗaya bayan ɗaya. Na juya. Yana kwance a ƙasa, taku kaɗan daga inda nake. Abin da ƙarti biyu suke nishi a kansa, ko ƙarar faɗuwar ganye ban ji ba. Kuma jikinsa da danshi, kamar an shafa masa jiƙaƙƙen hannu. Furar nan ban san inda ta tafi ba, ludayin dai a hannuna na same shi a ƙofar masallaci. Ba a jima ba aka ji salati daga unguwar yamma, wata mai jego ce.

Da aka dawo da shi na tare Baba Goni a zaure, na ce Baba ka gaya min tsakaninka da Allah, mene ne a jikin katakon nan? Ya ce katako ne. Na ce katako ne yake sauko da kansa? Ya ce to ɗan nan, jakin da ya daɗe yana zuwa kasuwa ai ba a nuna masa hanya. Marigayi mai gidan nan ma haka yake gani, shi ya sa kullum yake riga kowa zuwa gaisuwa. Kai dai in ya kwanta kada ka tsallake shi, kada ka bar yara su hau. Ya sa takalminsa ya tafi abinsa, wai shi a nan ya kwantar min da hankali.

Nan fa wayon birni ya motsa. Na ce ni da kuɗina, da gidana, katako ba zai mayar da ni mai shelar mutuwa ba. Na je wurin kafintan garin na ce ya zo ya kafe min shi, ya ce hannunsa yana ciwo, alhali ina kallonsa yana fasa icce. Na ɗauko wani daga Zakirai wanda bai san komai ba, ya zo ya sa masa ƙarafa irin na ƙofar zamani, ya danna ƙusoshi dogaye kamar yatsa, ya ce ko ɓarawo sai dai ya fasa bango. Na je majalisa na ce jama'a, a yi karo-karo a sayi katako a ajiye a masallaci, ni ne zan fara bayarwa. Ba wanda ya ce min a'a, ba wanda ya ce to. Daga ranar gaisuwa ta gajarce, kuka da daddawa suka daina zuwa, Sa'a ta daina min magana sai da dalili. Baba Goni ko kallon inda nake bai yi ba, daga baya ma na daina ganinsa a masallaci, na ɗauka fushi ne.

Kuma abin mamaki, tun da na kafe shi aka ɗauki lokaci mai tsawo ba a yi rashi a garin ba. Bakina da ba ya gajiya, har na fara cewa a wurin mai shayi ku gode min, na kulle wa mutuwa ƙofa. Astagfirullah. In kuna da baki irin nawa ku riƙa sa masa linzami.

Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsayi, dawa ta rufe ko'ina, in ka fita ƙofar gida ba ka ganin komai sai kore da 'yar siririyar hanya. Sai Ummi ta kwanta zazzaɓi. Muka ba ta magani, ya ƙi sauka, ranar da abin zai faru da hantsi jikinta ya yi zafi kamar garwashi, ido ya juye, tana kiran sunan ƙawayenta na Kano. An yi ruwa da safe, gari ya yi luf, maza duk suna gona. Na ce wa Sa'a riƙe ta, bari in nemo mai babur mu kai ta asibiti Zakirai, ina faɗa ina tsine wa ranar da na sayar da nawa. Na tura ƙyauren na fito, na shiga ɗayan ɗakin na ɗauko hula da 'yan kuɗi, na fito.

Yana kwance a tsakar gida. Kansa gabas. Ƙusoshin nan duk an zare su, ko ɗaya bai lanƙwashe ba, an tara su wuri guda a kan dokin ƙofa kamar yadda mace take tara tsinken tsintsiya. Ta ƙofar da ta zama wangale ina hango Sa'a ta ba ni baya, ta rungume Ummi, ba ta ma san abin da ya faru ba.

Jama'a, ni mai surutu ne, amma ban san yadda zan faɗa muku abin da na ji ba. Na kasa fita neman babur, don gani nake da na juya baya shi ke nan, na kasa shiga ɗakin, don sai na bi ta gefensa. Na kasa kunne ko zan ji salati daga wata unguwa, ko kuka, ko gudun wani, babu, sai ɗigar ruwa daga indararo. Duk garin nan mutum ɗaya na sani a kwance rai a hannun Allah, kuma tawa ce. Na tsuguna a gaban katakon nan, ni da nake masa ba'a, ina cewa don Allah ka tashi, don Allah ka koma, na tuba.

Sai na ji sallama a zaure.

Allah ya yafe min, ban taɓa murnar mutuwar wani ba sai ranar. Na fita da gudu na ga Baba Goni shi kaɗai, da farar rigarsa, ba takalmi. Ya ce na zo aron ƙyaure. Na ce Baba ɗauki, ɗauki har da ɗakin in kana so, wa ya rasu? Ya ce wani tsoho ne, ya gaji, ba ka san shi sosai ba. Na ce ina samarin? Ya ce suna gona, kama min kawai. Na ce Baba yarinyata ba lafiya, babur zan nema. Ya ce bar babur, yarinya za ta tashi, kama.

Ban san abin da ya sa na bi ba. Ya ɗauki gaba ya ɗora a ka, na ɗauki baya, muka fita. Na yi mamakin ƙarfin tsohon, don ni kam ban ji nauyi ba ko kaɗan, kamar faifai na ɗauko. Muka shiga cikin gero, hanya iya faɗin mutum ɗaya, ganye jiƙe yana marin fuskata, ba na ganin komai sai ƙasan katako da bayan farar rigarsa. Yana tafe yana min hira, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce an ce ka kulle wa mutuwa ƙofa. Na ce Baba sharrin mutane ne. Ya yi dariya, ya ce ɗan nan, gida ka saya, ba ka sayi ƙyaure ba, kuma ba don shi ba da kuɗin nan naka ko zauren ba za su ba ka ba, kowa da irin hayar da yake biya. Na ce haka ne Baba. Muka wuce wasu mutane suna noma a gefen hanya, na ɗaga murya na ce sannunku da aiki, ba wanda ya amsa, suka miƙe tsaye da fartanya a hannu suna bin mu da kallo. Can ya ce ka taɓa yi wa mamaci wanka? Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce to ka koya, ba wuya, da dama ake farawa, kuma a zuba ruwa a hankali, mai shi yana jin kunya.

Muna fitowa daga cikin gero na ga ashe ƙofar gidansa muka nufa. Na buɗe baki zan ce Baba a gidanka ne, sai nauyin duniya ya sauko min a wuya lokaci guda, gaban ƙyauren ya daki ƙasa tim, na durƙushe a cikin caɓi. Daidai nan salatin mata ya tashi daga cikin gida, farkonsa, wanda ake yi da ƙarfi. Sai ga babban ɗansa Bukar ya fito a guje ido jawur, ya kusa taka ni. Ya tsaya yana kallona, yana kallon ƙyauren. Ya ce wa ya gaya maka? Yanzun nan ya cika, gidanka ma zan tafi.

Na ce wa ya cika?

Ya ce Baba mana. Ai tun farkon damina bai taka ƙasa ba, sai an juya shi.

Na duba gabana, na duba bayana, hanya ce kawai da gero yana kaɗawa, da sawun ƙafata ni kaɗai a cikin laka. Mutanen nan da muka wuce a gona daga baya suka ce sun gan ni ni kaɗai ɗauke da ƙyauren a ka, ina tafe ina magana ina dariya, shi ya sa suka kasa amsawa, sun ɗauka na taɓu.

Da aka zo wanka aka rasa mai yi, don shekara da shekaru shi kaɗai ne, kowa ya dogara da shi. Liman ya ce shi zai yi, amma yana son mai zuba masa ruwa, ya ɗaga ido duk taron nan sai a kaina. Na shiga. Na zuba a hankali, ta dama muka fara. Akwai abin da na gani a tafin ƙafarsa, amma an hana mai wanka faɗin abin da ya gani, don haka ku ma kada ku tambaye ni.

Da na koma gida bayan an kai shi, na tarar da Ummi a zaune a tsakar gida tana shan kunu, tana faɗa da ƙaninta a kan cokali. Na tambayi Sa'a ko ta ji sallamar Baba Goni, ta ce ita muryata kawai ta ji a zaure, ina ta cewa ɗauki, ɗauki, ta ɗauka da mai babur nake.

Ni na karɓi kwanciyar daga hannun Ummi, na yi kwanaki ina rawar ɗari. Na je wurin malamai, wani ya ce aljani ne ya ɗauki siffar Baba Goni, wani ya ce firgita ce ta sa na ga abin da babu, na ce to firgitar ce ta ɗaukar min gaban katakon? Ya ce in yawaita azkar. Har yau ba wanda ya ba ni amsar da ta zauna min. Ƙyauren dai an dawo da shi, na mayar da shi gurbinsa da hannuna, ban sake nuna masa ƙusa ba. Ya sake kwanciya tun daga nan, ba sau ɗaya ba, kuma yanzu in liman zai shiga wanka ni ake aikowa a kira. Kullum da safe kafin in duba fuskar iyalina shi nake fara dubawa, in na gan shi a tsaye in ce alhamdulillahi, in na dawo daga kasuwa tun daga zaure nake leƙe.

Shawarata gare ku masu neman gida, na san haya ta ishe ku, na san yadda mutum yake ji in an ce ga naka. Amma in kuka ga gida ya yi araha, kada ku tsaya duba rufi da rijiya kawai. Ku zauna da tsofaffin unguwa ku sha shayi, ku tambayi me gidan yake yi wa gari, me gari yake zuwa nema a cikinsa. Kuma duk maganar da mai sayarwa ya faɗa da sauri ana shirin shafa fatiha, ku ce a dakata, ya maimaita a hankali.

Ni kam da na warke na nemi Ɗan'azumi na ce ya sayar min da gidan ko nawa ne. Ya ce labari ya riga ya kai har Makoda, wanda zai taya yanzu sai dai ya taya rumbun. Na je Kano na tambayi haya, na tarar ciki da falon da muka bari ya ninka har ya haifi 'ya'ya. Duk da haka na dawo na sami Sa'a tana shara a ɗakin tsakiya, na zauna bakin gado na ce mata ni fa na gaji, gara mu koma birni ko ɗaki ɗaya ne mu matsu, ba zan iya zama ina jiran ranar da katako zai kwanta domina ba. Ta miƙe, ta buga tsintsiya a tafin hannu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce:

"Baban Ummi, a birnin ma mutuwa za ka yi, sai dai can kafin ka huce mai gida zai ce a yi sauri a fitar da kai, akwai mai son ɗakin. Ɗaga ƙafarka in yi shara."